Turmin Inna a Cikin Kaset

Kwanakin baya jikata ta kawo mini waya tana murna, wai ta ga hoton yayana a cikin wasu samari huɗu masu tulin gashi, an rubuta a ƙasa cewa suna cikin waɗanda suka fara kiɗan lantarki a Maraɗi. Ta ce in ba ta labarinsu. Na ce ta ɗauke wayarta daga gabana. Daga baya na ga bai kamata in bar wa masu yabo filin su kaɗai ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ban ƙaunaci mutanen nan ba a lokacin, kuma tsufa bai sa na sauya ra'ayi ba.

Suna da wani suna na Faransanci da suka rubuta da fenti a jikin babbar ganga, amma babu wanda ya wahalar da harshensa a kansa. Kowa "ƴan kuran" yake ce musu, saboda kayansu ba sa motsi sai da kuran, wato wutar lantarki. Shugabansu ɗan wani babban alhaji ne mai motocin dakon kaya. Shi ke da wani akwatin kiɗa mai maɓallai farare da baƙaƙe da aka sayo masa daga Ikko, wanda idan ka danna nan ya yi kukan sarewa, ka danna can ya kama buga ganga shi kaɗai. Akwai wani dogo mai gita, da wando mai faɗin ƙafa da ke share masa hanya, da baƙin tabarau har cikin ɗaki. Akwai wani mai gita ta biyu, gitar nan mai ƙatuwar murya, wanda ban taɓa jin ya kai magana ƙarshe ba, aikinsa gyaɗa kai. Na huɗunsu yayana, mai ganguna, shi kaɗai ne ɗan talaka a cikinsu. A gidan alhajin yake ci yake kwana, sai ranar Juma'a yake leƙo mu a Tsibiri.

Shekarar kuwa ba ta kiɗa ba ce. Soja ke mulki, iyaka a rufe, ruwa ya zo sau biyu ya ɗauke, hatsi ya bushe a tsaye bai kai gwiwa ba. Baba ya tafi ci-rani kudu tun kafin a rufe iyakar, ba shi ba saƙonsa. A unguwarmu ana ce masa mai rumbu uku, domin a shekarun arziki gidanmu ne ake aiko yara da ƙwarya idan baƙi suka sauka wa mutum babu shiri. A wannan shekarar rumbunan uku suna nan tsaye da jinkarsu, ko ɓera ya daina shiga.

Mai unguwa ya bi gida gida yana rubuta waɗanda za a ba hatsin taimako. Da ya zo ƙofarmu Inna ta aika masa da gaisuwa, ta ce mu dai alhamdulillahi, a ba mabukata. Abin da muke ci kuwa garin rogo ne da nake sayowa daga shagon ɗinkin da nake aiki a Maraɗi, da ganyen tafasa, da anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Sau ɗaya a yini. Babu abin dakawa a cikin wannan, amma kullum da hantsi Inna sai ta yi daka.

Ga yadda take yi. Ta shimfiɗa tsumma a gindin turmi, ta zuba tsohon ƙaiƙayi a kai, wanda ta daka jiya da shekaranjiya, ta ɗauki taɓarya. Duk macen da ta taɓa daka ta san turmi mai hatsi nishi yake yi, turmi wayam kuma ƙara yake yi. Tsumman shi ke danne ƙarar, ta yadda idan ta tsallake katanga sai a ji kamar ta gaske. Tana daka tana waƙarta ta kullum, wadda ta ƙirƙira tun tana amarya, tun da bakinta ba ya kiran sunan miji:

Mai rumbu uku, na bakin marke,
Gidanka ba a kwana da yunwa.

Idan ta gama sai ta yi bakace da faifai, ta hura wuta don hayaƙi ya tashi. Wannan shi ne abin da ya rage mata a duniya, kada a ce gidan mai rumbu uku ya tashi babu daka. Ta rantsar da ni kada wanda ya ji, har yayana. Shi ma ɓoye masa take. Duk ranar Alhamis nakan ƙulle ɗan hatsi na gaske a bakin zane in kawo, ta dama masa fura ranar Juma'a, ya sha ya goge baki ya ce babu fura irin ta gida. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan tana da saƙo sai ta ce da ni, "Ce ma wancan." Haka na tashi na tarar, kuma kowa ya san wannan kunya ita ce ƙaunar da take yi masa.

Wata Laraba, ina can shago, ƴan kuran suka zo gidanmu babu sanarwa a cikin motar alhajin, da manyato, wato na'urar ɗaukar murya. Wai suna neman sauti na ƙasa da za su ɗora kiɗansu a kai, yayana ya ce shi ya san inda ake daka da waƙa. Suka tarar da Inna tsakiyar daka. Ga baƙi maza a tsakar gida, ga ɗan fari yana cewa, "Inna, ci gaba, da waƙar duka." Da wane baki za ta ce masa a'a? Ta ja mayafi ta ci gaba. Ɗan alhajin ya kai makirfo bakin turmi, ya leƙa ya ga ƙaiƙayi, ya ɗauka sussuka take yi. Ya saurara, ya ɓata fuska, ya ce akwai abin da ke kashe sautin. Dogon nan mai tabarau ya hango bakin tsumma, ya sa hannu ya zaro shi yana dariya, wai ga abin da ya faɗa mata ciki ba ta sani ba. Suna ganin taimakonta suka yi. Ta daka musu turmi tsirara, ta rera musu waƙar har sau uku.

Da na dawo da yamma na same ta zaune a ƙofar ɗaki, tsumman yana kan cinyarta. Ta ba ni labarin ba ta dube ni ba. Sannan ta ce, "Tahi ki ce ma wancan shi maido mini muryata. Amma kada ki hwaɗa mai dalili. In kinka hwaɗi ban yahe ba."

Ranar Lahadi na nufi Jiratawa, inda suke gwaji a lambun alhajin. Na bi ta gonaki da suka zama fili, da gawar jaki a gefen hanya, sai kawai ga kore shar, ruwa yana gudu a cikin magudanar siminti. A ƙarƙashin mangwaro suka baje kayansu, injin wuta yana ta ruri yana shan man da ake wahalar samu a gari. Tun daga nesa na ji gitar dogon tana kuka kamar akuyar da ƙofa ta datse. Wai wannan ake ce wa rok. Na yi sallama sau biyu babu wanda ya ji, sai da na je na tsaya a gaban gangunan yayana.

Ɗan alhajin ya tashi da fara'a. "A'a, madmazel! Zo ki ji mamanki." Kafin in buɗe baki ya danna manyato. Turmin Inna ya fito daga manyan lasifika biyu, ƙwal, ƙwal, ƙwal, katako a kan katako, babu ko ƙwayar hatsi tsakani. Shi kuwa ya lumshe ido yana kaɗa kai.

"Kin jiya?" ya ce. "Na gwada turmin gidanmu, mata ukku na sa su daka, sai dim, dim, ba daɗi. Wanga kuwa shina da murya. Ban san icen da aka sassaƙa shi da shi ba."

Na dube shi, na dubi kumatunsa masu sheƙi. A raina na ce icen yunwa ne, ɗan gidan ƙoshi. A fili kuwa na ce Inna ta aiko ni karɓar kaset ɗinta. Suka kwashe da dariya. Na ja yayana gefe, bayan injin, inda sai na ɗaga murya.

"Yaya, Inna ba ta so. Ta ce ka maido."

"Kunya ce kawai irin tasu. Ke kin san mi wagga waƙa za ta yi muna? Ranar Asabar muna wasa Tsibiri gaban manya. In sun zaɓe mu sai babban birni. Inna za ta shiga radiyo, ke kina nan kina ɓata ma mutane lokaci."

"Ka saurari turmin da kyau, Yaya. Kai makaɗi ne. Ka saurara."

"Na saurara ya fi sau ɗari. Mi gare shi?"

Mutumin da yake iya gane fatar ganga ta saki tun daga ƙofar gida, bai gane turmin uwarsa babu komai a ciki ba. Maganar ta zo mini har leɓe. Kalma huɗu ce ko biyar, da na faɗe su da an gama. Na tuna "ban yahe ba", na haɗiye. A nan nawa laifin yake, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba. Abin da na yi a maimako shi ne na ruga na kai hannu ga manyaton. Mai gyaɗa kan nan ya riga ni, ya zare kaset ɗin ya ɗaga sama yana murmushi, ni kuma ina tsalle a ƙasa. Ɗan alhajin ya ce in kwantar da hankalina, ai sun riga sun kwafe shi a wasu biyu. Ya sa aka tsinko mini tumatir da albasa in kai wa mama. Na watsar da su a magudanar ruwa a gabansu, abin da na yi nadama tun kafin in kai bakin hanya, domin da mun ci su kwana uku.

Na gaya wa Inna sun hana. Washegari ta mayar da tsummanta ta yi dakanta kamar kullum, haka har ranar Asabar.

Ranar, tun da hantsi mai shela ya zaga cewa wani hafsan soja zai zo daga Maraɗi ganin wasan samari, kowa ya fito. Aka jera ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, a rana suna tafi tun kafin motarsa ta taso. Mata suka cika filin, ba don kiɗa ba, an yi ta raɗe-raɗin cewa bayan taro za a raba hatsi, kowace da ƙwarya ɓoye a ƙarƙashin mayafi. Inna ba ta fita ba. Ni na je, na tsaya cikin matan unguwarmu, ina roƙon Allah injin wutarsu ya mutu. Hafsan ya iso bayan la'asar, ya yi jawabi da Faransanci, tafinta ya juya mana cewa mu yi haƙuri mu ƙara ƙoƙari. Ƴan kalangu suka yi nasu, ƴan kokawa suka yi nasu. Sannan aka ja igiyar injin, ya tashi a bugu ɗaya.

Sun fito cikin riguna iri ɗaya masu ƙyalli. Waƙa biyu na farko hayaniya ce kawai, tsofaffi suka toshe kunne, yara suka yi ta ihu. Sai ɗan alhajin ya matso makirfo ya ce yanzu za a ji muryar ƙasa, muryar uwayenmu na Tsibiri. Ya danna manyato.

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal. Suka bar turmin shi kaɗai na ɗan lokaci don a ji daɗinsa. Sannan muryar Inna ta hau, ƙatuwa, ta cika filin: mai rumbu uku, na bakin marke, gidanka ba a kwana da yunwa. Yayana ya shigo da gangunansa daidai kan bugun taɓarya, akwatin ɗan alhajin ya bi, gitar ta bi. Zan faɗi gaskiya ko da ba na so: kiɗan ya zauna. Samari suka ɓarke da rawa, ƙura ta tashi, hafsan yana buga ƙafa a ƙarƙashin kujera.

A ɓangaren mata kuwa babu wadda ta motsa. Marke ɗaya ne a unguwarmu, mai rumbu uku ɗaya ne, muryar kuma sun fi shekara ashirin suna jin ta ta kan katanga. Na ga wata ta kai hannu ta rufe baki. Na ga biyu sun dubi juna sun sunkuyar da kai. Tsohuwar da katangarmu ɗaya da ita, wadda sau da yawa Inna ta cika wa ƙwarya a shekarun baya, ta juyo ta dube ni tun daga fuska har ƙafa, ta tsaya a kan wuyan hannuna da ya rame. Ta ce a hankali, "Wayyo ɗiyata. Tun yaushe?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Waƙar ta yi ta maimaituwa, domin sun yanka muryar sun jera ta yadda ba ta ƙarewa, gidanka ba a kwana da yunwa, gidanka ba a kwana da yunwa, turmin yana ƙaryata ta a kowane bugu. Aka yi musu tafi har hafsan ya miƙe. Hatsi kuwa ba a raba ba ranar.

Na koma gida da gudu, ina tunanin yadda zan ɓoye mata. Wauta ce. Tsakanin filin da gidanmu bai fi tafiyar minti biyar ba, lasifikan nan kuwa ana jin su har bayan gari. Na same ta tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu, tana fuskantar inda sautin ya fito. Ta ji komai tun daga bugun farko.

Washegari da hantsi na farka na ji unguwa wani iri. Na jima kafin in gane abin da ya ɓace. Babu daka. Ba a gidanmu kaɗai ba, har gidan tsohuwar nan, har gidan da ke bayanmu, har na gaban masallaci, gidajen da kullum taɓaryarsu ke amsa wa ta Inna. Ashe ba ita kaɗai ke da tsumma ba. Kowace tana daka don kada maƙwabciya ta ji shiru, kuma yanzu babu wadda ke da ƙarfin halin ɗaga taɓarya a san kunnuwa na auna ta. Samari huɗu da injin wuta sun tone unguwa guda a yammaci ɗaya, suka koma Maraɗi suna taya juna murna.

Inna ta kifar da turmin ta zauna a kansa. Ta ce, "Tahi wurin mai unguwa. Ki ce a rubuta mu." Na je. Bai tambaye ni komai ba, bai ma ɗago kai ba, kuma na gode masa da wannan. Ranar Laraba na shiga layi da ƙwaryata a fili, aka auna mana jar dawa irin ta taimako, wadda ko daga nesa aka ga tuwonta an san daga inda ta fito.

Ranar Juma'a yayana ya zo. Babu wanda ya gaya masa komai, maza ba su gane ba, mata kuma ba za su faɗa ba. Ya shigo da sabon takalmi yana kiran sunana tun daga zaure, wai an zaɓe su, za su babban birni, za a sa waƙar a radiyo, in gaya wa Inna. Ya zauna a tabarmarsa yana jiran fura. Ya ga turmi a kife bai tambaya ba.

Inna ta fito daga madafa da kanta, riƙe da akushi. Ba ta miƙo mini in kai masa ba kamar yadda aka saba. Ta taka har gabansa ta ajiye, ta buɗe, jan tuwo babu miya sai ruwan tafasa. Ta tsaya ta dube shi cikin ido. Sannan ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, yadda ake kiran yaron maƙwabta a aike shi. Shekararsa ashirin da biyar bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba, na ga yadda murmushin ya bushe a fuskarsa.

Ta ce, "Ci. Na taimako ne. Shi muka da."

Ya dubi tuwon, ya dubi rumbunan, ya dubi turmin, ya juyo gare ni. A lokacin na gaya masa kalmomin da na haɗiye a Jiratawa, da wasu da yawa da na tara masa, ban rage ko ɗaya ba. Ya yi kuka, ya ce zai karɓo kaset ɗin. Bai karɓo ba. Sauran ukun sun ce waƙar ita ce aka zaɓa, ba za su je babban birni hannu rabbana ba, shi ma ya bi su. An sa ta a radiyo wata da watanni, mu a gidanmu da ta fara sai a kashe.

Ruwa ya dawo bayan shekara, Baba ya dawo, rumbu biyu sun sake cika. Inna ta tayar da turminta ta ci gaba da daka, amma babu waƙa. Yayana ya yi mata hidima iyakar ƙarfinsa bayan ƙungiyar ta watse, ya kai ta Makka, ya gina mata ɗaki na siminti. Tana gode masa, tana sa masa albarka, tana hira da shi kamar kowa. Sau ɗaya, tana tsufa, na ji ya durƙusa yana roƙonta ta daina kiran sunansa, ta koma ce masa wancan. Ta ce to, ta ji. Da zai tafi ta kira shi da sunan, ta ce ya ja mata ƙofa.